Na Koyi Turancin Samari Don In Yi Hira Da Ɗana

A lokacin ina da shagon atamfa a Kasuwar Muda Lawal, maigidana bai daɗe da rasuwa ba, ɗana na fari kuma ya shiga jami'a ya kama ɗaki a Yelwa. Mu Fulani ne da muka zauna a gari. Shanun sun ƙare, amma kunyar tana nan. Tun da na haifi yaron nan ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba, don haka na ga ana yi wa ɗan fari a gidanmu. Ubansa ne bakinmu. Da ya rasu sai shiru ya shiga tsakaninmu. Yaron yakan zo ran Juma'a, ya gaishe ni, ya ci tuwo, ya koma. Amma da wayarsa ta yi ƙara sai bakinsa ya buɗe, ya yi ta zuba wani irin Turanci yana ƙyaƙyata dariya. Wallahi kishin abokan nan da yake waya da su nake ji. Tsorona kada ya gama karatu ya tafi ban san shi ba.

Sai na fara tambayar ɗalibai mata da ke zuwa sayen yadi ma'anar kalmomin da nake jin yana faɗa. Su kuwa abin nema ya samu, suna koya mini suna riƙe ciki. Suka ce gai shi ne aboki, chil kuwa a kwantar da hankali. Wanda ya daina ɗaukar wayarka ba dalili, gostin ya yi maka. Kirinj kuma shi ne abin da wani zai yi, kai da kake kallo ka ji kunya ta kama ka. Ɗaya daga cikinsu ta ja mini kunne cewa kalmomin nan na tsara da tsara ne, ba a kai su gaban babba, babba ma ba ya ɗauka. Na ji ta ne kawai. Ni dai na ga hanya: gai ba suna ba ne, kuma a bakin Turawa ba na jin nauyin komai.

Wata Juma'a bai zo ba, sai na dafa dambu na hau keke zuwa Yelwa. Na same shi a ƙofar gida da abokansa. Duk suka rusuna suna gaishe ni. Maimakon in amsa kamar kowace uwa, sai na dube shi na kira shi gai, na tambaye shi dalilin yi mini gostin, na ce kowa ya yi chil. Can wani ya sunkuyar da kai ya ce kirinj a hankali. Da ban koya ba, da na dawo gida da farin cikina. Amma na gane sarai.

Ya daɗe bai leƙo gida ba. Ranar da ya zo, kansa a ƙasa, ya ce da natsuwata yake taƙama a cikin abokansa. Ya ce gai kowa na kiransa da shi, har mai keke. In dai na yarda zan ajiye kunyar, me ya hana in kira shi da sunan da ni da ubansa muka zaɓa masa? Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita.

Yanzu yana aiki a wani gari. Mukan gaisa a waya, gajeriyar gaisuwa, kuma na gaji da tsara hirar da ba na iya yi. Abin da na gane shi ne sanin ma'anar kalma daban, sanin bakin da ta dace da shi daban. Iyaye 'yan'uwana, ku bar wa yara Turancinsu, suna da abokai da yawa, uwa ce guda. In akwai maganar da ɗanku ke jira daga bakinku, ku faɗe ta tun yana kusa. Ni sai na kashe wayar nake kiran sunansa.