Ƙwallon da Yayana Ya Tura Hagu

Na tashi na tarar da wani musu a gidanmu, tsakanin Baba da yayana. Yayana ya yi imani cewa idan aka tsinto gwanayen ƙwallo na duniya, ɗaya daga nan ɗaya daga can, aka sa musu riga iri ɗaya, to ko ƙasar da ta ɗauki kofin duniya ba za ta sha a hannunsu ba. Baba a rediyo kawai yake jin labarin wasa, amma bai taɓa yarda ba.

"Tahi Gandi ran kasuwa ka sawo sa mai ƙarhi," in ji Baba, "ka tahi Rimawa ka sawo wani, ka ɗaura musu karkiya guda. Mi za ka gani? Huɗa a karkace."

"Baba, zancen mutane nika yi, ba shanu ba."

"Ai shanun sun hi su jin magana."

Wata rana muna tsintar albasa na sa baki, na ce na karanta a makaranta cewa har a wasan kurket ana irin wannan haɗin. Duka suka juyo suka dube ni.

"Malama, bari mu gama da ƙwallo tukuna," in ji yayana. Baba ya yi dariya har da tari.

Abin da yayana bai lura da shi ba shi ne, shi kansa hujjar Baba ce. Yana da amini, ɗan maƙwabtanmu, damina ɗaya aka haife su. Aminin da ƙafar hagu yake wasa. Idan an cire albasa fadama ta bushe, samarin ƙauyenmu sukan kafa sanduna su buga da la'asar, ni kuma in tsaya da kwanon abinci a ka ina kallo. Yayana ba ya duban hagu. Sai ya zuba ido dama, kowa ya bi idonsa, shi kuwa ya tura ƙwallon hagu da gefen ƙafa. Kullum amininsa yana wurin. Na taɓa tambayar yayana yadda yake sani. Ya ce, "Ina jin numfashinai."

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu, suka tare aminin nan a hanyar gona da rana tsaka. Da yamma aka kawo gawarsa a amalanke. Kafin wata ya ƙare ƙauyen ya watse, wasu Wurno, wasu Rabah, mu muka zauna Goronyo. Yayana ya rataye takalmansa na ƙwallo a ƙusa bayan ƙofa. Damina biyu suna nan, har gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin igiyoyinsu. Yana zuwa ban ruwa kusa da madatsar ruwa, ya dawo, ya ci abinci ba tare da ya san abin da ya ci ba.

Sai labari ya zo cewa wata ƙungiya daga birnin Sakkwato za ta zo da kocinta. Za a zaɓo gwanayen Wurno, Rabah da Goronyo su kara da ita, wanda ya burge kocin a tafi da shi. Aka aiko wa yayana. Ya ce ba ya zuwa.

Baba ne ya sauko da takalman ya kakkaɓe su da hularsa.

"Tahi ka gwada muna. Ƙila kai ad da gaskiya tun can."

Na san bai yarda da hakan ba. Ɗansa yake so ya dawo.

A filin firamaren da nake koyarwa aka yi wasan, na kalla daga baranda tare da sauran malamai mata. Zaɓaɓɓun namu da safiyar ranar suka fara ganin juna. Uku a cikinsu kowa ya ce shi ne mai lamba goma. Kowanne idan ya sami ƙwallo sai ya riƙe shi kamar an ba shi ajiya. 'Yan birni ba su fi su gwaninta ba, sai dai ba sa neman juna, sun san inda kowa yake. Kafin hutu sun ci ɗaya.

Bayan hutu na ga yayana na da. Ya karɓi ƙwallo a tsakiya, ya yanke mutum biyu, kafaɗunsa suka saki, har kocin ya miƙe daga benci. Ya zuba ido dama. Masu tsaron baya suka bi idonsa. Ya tura hagu.

Ƙwallon ya yi ta gangarawa a hankali cikin busasshiyar ciyawa, ba kowa, har ya tsallake layi ya tsaya a gindin dogonyaro. Ɗan Wurno da aka ajiye a hagu yana can baya, hannu a ƙugu, ya ɗaga murya.

"Kai, wa kab ba? Aljani?"

'Yan kallo suka fashe da dariya. Ba laifinsu ba ne, ba su sani ba. Yayana ya tsaya yana kallon wurin da ba kowa. Ya daɗe. Daga nan ya ɗaga hannu ya nemi a canza shi, kocin kuma ya koma ya zauna. An tashi biyu da nema.

Muka tarar da Baba a zaure yana gyaran igiya.

"Baba, kai ad da gaskiya," in ji yayana.

Baba bai ɗago ba. "Ban so cin musun ga ba, ɗana."

Ni na wanke rigar wasan da aka ara masa washegari, na mayar wa masu ita. Takalman suka koma ƙusarsu. Yanzu idan rediyo ta kai ga labarin wasanni, Baba yakan miƙa hannu ya rage murya, mu ci gaba da tsintar albasa.