Fuskar Baba a Kan Takarda

Na daɗe ina son sayen firinta kafin in saya. A shekarun nan da wayar salula ta fara yawa a hannun mutane, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Kura, kuma ina da 'yar ƙaramar kyamara irin wadda ba a sa mata fim. Ranar suna ko ɗaurin aure a unguwarmu ni ake kira in ɗauki hoto, amma hotunan sai su yi zamansu cikin kyamarar, sai dai mutane su taru a kaina suna leƙen ɗan gilashin bayanta. Duk sanda na shiga Kano sai na bi ta layin masu sayar da kwamfuta, in dudduba firintoci, in yi tambaya, in dawo hannu biyu. Ban san wadda zan zaɓa ba, kuma ba sauri nake ba.

Sai Baba ya ɓata.

Mahaifina manomin rani ne, tumatir da albasa ya noma har ƙarfinsa ya ƙare. Da tsufa ya kama shi sai tunaninsa ya fara rikicewa. Yakan tambayi mutanen da suka daɗe da rasuwa, wani lokaci ya kira ni da sunan ƙaninsa. Ranar da abin ya faru, Inna, mahaifiyata, ta shiga madafi ɗumama masa koko, ta fito ta tarar da tabarma babu kowa. Babu takalmansa, babu sandarsa.

Tsakiyar rani ne, an saki ruwan dam, babban kanal da ke kai ruwa gonakin rani ya cika baki da baki. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san gefen kanal ɗin: siminti ne mai gangara, gansakuka ta sa shi santsi, ko matashi ya faɗa da ƙyar yake fita. Ba wanda ya ambaci ruwan a gabana, amma ina ganin inda idon kowa ke zuwa. Wasu maƙwabta suka ɗauki dogayen gora suka nufi ƙofofin ruwa, inda shara da duk abin da ruwa ya ɗauko ke tsayawa. Na bi su, amma da na ga sun fara zura gorar sai na tsaya daga nesa. Na juya baya ina jin ƙarar ruwan, ina jiran wani ya yi salati.

Ba a ga komai ba. Na koma tasha ina tambayar 'yan acaɓa.

"Tsoho ne dogo, baƙi, da farar riga da hula, yana dogara sanda."

Wani daga cikinsu ya ce, "Malam, ai rabin tsofaffin garin nan ka siffanta. Ba ka da hotonsa?"

Ina da shi. Guda ɗaya tak, wanda na ɗauka ranar sunan ɗiyata, Baba na zaune a inuwar zaure yana kallona. Na ruga wani shagon buga takardu aka sa katin kyamarar a kwamfuta, aka buga mini da firintar da suke buga takardun makaranta. Abin da ya fito baƙin dunƙule ne kamar an shafa gawayi, sai hula fara a samansa. Na nuna wa ɗan acaɓar, ya juya takardar sama da ƙasa, ya miƙo mini abata.

Washegari da na idar da sallar asuba na hau motar Kano. Inna ta biyo ni har bakin zaure, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Ka bar nemansa ka tafi birni?" Na ce, "Inna, fuskarsa zan je in kawo." Ban tabbata ta gane ba, ni ma ban tabbata daidai nake yi ba. Hanyar tana bin gefen gonaki, duk inda muka tsallaka kanal sai in runtse ido, sannan in kasa jurewa in leƙa.

Wurin wanke hoto na fara zuwa. Suka ce injinsu ya tsaya, in dawo gobe. Daga nan na wuce shagon wani mai sayar da firintoci, mutum mai yawan fara'a, wanda ya gaji da ganina ina taya kaya ba na saye. Yana hango ni ya fara dariya.

"Malam, yau ma kallo aka zo yi?"

Na ce, "Alhaji, mahaifina ne ya ɓata tun jiya. Ina son firintar da za ta fitar da fuskarsa yadda duk wanda ya gan shi zai shaida shi."

Dariyar ta ɗauke. Ya ja kujera ya ba ni, ya sa aka tayar da janareto, ya sauko da firintoci uku daga kan kanta. Ya ce kada mu yi ta magana, mu buga hoton a kowacce, idona ya zaɓa.

Ta farko ita ce mafi sauƙi, irin wadda yawancin mutane ke saya, mai tawada kala huɗu. Ta ja takardar tana ƙara, fuskar ta fara fitowa daga hula zuwa ƙasa. Da ta gama na ɗauka na duba. Fatar Baba ta fito wani kore-kore, leɓɓansa sun yi toka, ga layuka siri-siri sun ratsa fuskar kamar ana kallonsa ta ƙarƙashin ruwa. Abin da na kwana ina gudun gani shi ne a hannuna. Na kife takardar a kan cinyata.

Mai shagon ya karɓe ta ya tura ƙarƙashin kanta. Ya ce, "Laifin tawada ne, Malam, ba komai ba ne. Irin wannan ba ta iya baƙar fata. Ka yi ta addu'a."

Ta biyu 'yar ƙarama ce, ba ta fi akwatin rediyo ba. Takardar takan shiga ta fito sau da yawa, kowane zuwa da kalarsa, ta ƙare da ɗumi kamar an sauke ta daga tanda. Hoton ya yi kyau ƙwarai, har mai shagon ya ɗiga masa ruwa ya goge don in ga ba ya zuba. Amma girmansa bai wuce tafin hannu ba, kuma takardarta da tawadarta tare suke zuwa a ƙunshi, ƙunshi ɗaya ne ya rage masa a shagon. Na tuna yawan garuruwan da ke tsakanin Kura da Bunkure, na ajiye ta gefe.

Ta uku mai tawada kala shida ce. Ya sa mata babbar takarda mai sheƙi, ya ce wannan tana da nawa, sai na yi haƙuri. Na zauna ina kallonta tana tafiya a hankali, zuciyata na cewa yanzu haka ana can ana ciro shi, kai kana nan kana zaɓen kaya. Wayata na cikin aljihu, ina tsoron ta yi ƙara, ina tsoron shirunta.

Da takardar ta faɗo, Baba ne. Ga tsagar nan biyu a kumatunsa, ga yanar da ta fara rufe masa idon hagu, ga furfurar gemunsa ɗaya-ɗaya, har da ɗan karkacewar da bakinsa ke yi in zai yi magana. Mai shagon ya gargaɗe ni cewa wannan tawadar ba ta son ruwa, in sa kowane hoto a leda, kuma in ba ni da takarda mai sheƙi kada in sa ran irin wannan kyan. Ya buga mini 'yan kaɗan a nan take, na biya kuɗin firintar, ya ɗaure ta da sauran kayan a kwali, ya raka ni har bakin titi.

A gida babu wuta. Maƙwabcinmu mai injin casar shinkafa ya kashe aikinsa ya ja mini waya daga janaretonsa. Firintar na bugawa, Inna na zura hotunan a leda. Na farkon da ta ɗauka ta daɗe tana kallo, ta goge ledar da gefen mayafinta, sannan ta ci gaba.

Muka raba wa 'yan acaɓa, da direbobin da ke lodin kwandunan tumatir a Kadawa, da masu kula da ƙofofin ruwa. Waɗannan na ƙarshe ban iya kai musu da kaina ba. Ranar kasuwar Bunkure na je na tsaya a bakin hanya, na ɗaga hoton a ƙirjina. Mutane na zuwa su duba, su yi mini addu'a, su wuce. Wani ya ce kamar ya gan shi, da na matsa masa sai ya ce a'a. Wani kuma ya fara ba ni labarin wani tsoho da aka ciro daga ruwa a wata shekara, na bar masa wurin.

Rana ta fara sanyi sai wata dattijuwar Bafulatana mai tallan nono ta tsaya a gabana da ƙwarya a ka. Ta matso da fuskarta kusa da hoton, ta sa yatsa a kan idon hagun.

Ta ce, "Mai idon nan. Naku ne?"

Na gyaɗa kai. Ina jiran ta ce a ina aka binne shi.

"Yana rugarmu. 'Ya'yana suka tsince shi a bayan gonakin shinkafa, ƙafarsa ta kumbura. Mun tambaye shi garinsu ya ce shi ma nema yake. Yana shan fura, ɗana, kwantar da hankalinka."

Na yi hamdala, na roƙe ta ta yi mini kwatancen rugar.

Na ɗauki ɗan acaɓa muka bi kwatancenta. Hanyar rugar ta bi ta kan wata siririyar gada ta kanal wadda ko mai ido biyu sai ya kula, har yau ban san yadda Baba ya tsallaka ta ba. Na same shi zaune a kan buzu a gindin wata bishiya, an shafa masa man shanu a ƙafa, yana kallon maruƙa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa mini da ladabi, irin amsar da ake yi wa baƙo.

Hoton na hannuna har lokacin. Ya miƙo hannu ya karɓa, ya kai shi kusa da idonsa mai gani, ya yi murmushi.

Ya ce, "Yayana ne wannan. Ya tsufa. In ka koma ka ce ina gaishe shi."

Na ce, "To, Baba, zai ji."

Muka ɗora shi a kan babur, na zauna a bayansa na riƙe shi da hannu biyu. Da muka iso gadar na ce wa ɗan acaɓar ya tsaya. Na sauko da Baba, na goya shi, na tsallaka da ƙafa.