Matar Garwashi da Likitar Laraba

Mijinta makanike ne, kuma ba don wasa ake ce masa Garwashi ba. Mutum ne da in mai mota ya ce birki bai gyaru ba, sai ka ga sifana ta tashi sama. Ita kuwa tela ce, kekenta na bakin taga, kuma duk layin da Matar Garwashi aka san ta.

Tun tana amarya ta koyi karatun jikinsa. Da ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe, sai ta kwashe tangaran ta tura yara maƙwabta. In faɗa ya kaure a gareji ita ake aikowa a kira. Ta yar da awo, ta ja mayafi, ta je ta tsaya a gabansa ta ce, "Baban yara, mu je gida." Mutumin da ƙarti suka kasa riƙewa sai ya biyo ta kamar rago. Ta sha wuya, kada a yi ƙarya, ta sha zagi, ƙofar ɗakinsu ma kafinta ya gaji da gyara ta. Amma tana da abin taƙamarta a rai: duk duniya ita kaɗai ta iya da mutumin nan.

Ranar da ya fasa wa abokin aikinsa baki, mai garejin ya ce ko dai ya je asibiti a duba wannan fushi, ko ya kwashe kayansa. Ya je yana gunaguni. Aka haɗa shi da wata likita mai kula da masu irin halinsa, duk Laraba su zauna su yi magana. Ta koya masa ya riƙa sauraron jikinsa tun kafin abin ya hau masa kai. Da ya ji zafin ya taso, ya ajiye duk abin da ke hannunsa ya fita, sai ya huce a dawo kan maganar.

Abin haushi, sai dabarar ta yi aiki.

Aka daina aiko mata daga gareji. Mata masu kawo ɗinki suka shiga yi mata barka, kowacce sai ta ce Allah Ya yi wa likitar nan albarka. Ta amsa da amin a fatar baki. Wato ita da ta ƙare ƙuruciyarta tana tare wuta da hannu ba wanda ya taɓa sa mata albarka, sai wata da ke zaune ƙarƙashin fanka? A gida kuma ba ka jin komai sai "likita ta ce". In Laraba ta zo har baƙin man farcensa yake kankarewa. Wanda ya fi ci mata rai shi ne ranar da ya faɗa, a bakin hira kamar ba komai, cewa ya ba likitar labarin yadda mahaifinsa ke dukansa da bel ɗin inji. Ita da ta haifa masa 'ya'ya ba ta taɓa jin wannan ba. Kishi take yi, ba shi da wani suna, alhali ko fuskar matar ba ta sani ba.

Wata Laraba da la'asar ya dawo ya zauna shan ruwa, ita tana yankan yadi.

"An dawo daga wurin uwar ɗaki?" ta ce. "Yau me ta ce, ka sha ruwan ko ka bari?"

Ya ci gaba da shan ruwansa.

"Ƙato da kai, sai mace ta koya maka numfashi."

Jijiyar ta miƙe. Allah Ya yafe mata, daɗi ta ji. So take ya tashi ya yi ta bambami, ta lallashe shi da kanta, a san wa ke da mijin. Shi kuwa ya ajiye kofin a hankali, ya zura takalmi ya nufi ƙofa, ko kallonta bai yi ba.

Ba ta san lokacin da almakashin ya bar hannunta ba. Yana waiwayowa gindin almakashin ya same shi a goshi, jini ya biyo gira.

Ya shafa goshin ya dubi jinin. Sannan ya tsinci ƙyalle a ƙasa ya danne wurin, ya zauna a bakin ƙofa yana sauke numfashi.

"Maman yara," ya ce, "a ina kika fara jin zafin?"

Ta san mai tambayar nan, ba tasa ba ce, daga asibiti ya ɗauko ta. Ta buɗe baki ta ce ya mayar wa mai ita, sai idonta ya faɗa kan jinin da ke jiƙa ƙyallen.

"A ƙirji," ta ce.

"Tun yaushe?"

Ta zauna a kan yadin mutane, hawaye na zuba.

"Tun da ka warke ba da hannuna ba."