Wuƙar Bakin Bindiga a Shagon Ammu

Ni idona ba ya ganin abu sai tare da farashinsa. Ba yabon kai nake yi ba, ciwo ne, kuma a kasuwar Ataba na kamu da shi. Karatu ya kawo ni Alƙahira, karatun ya ƙi, kasuwa ta karɓe ni. Shekara da shekaru aikina ke nan raka 'yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi lungu-lungu, in yi musu ciniki da Larabci, in haɗa musu kaya a kwali. Ko gaisuwar mutuwa na je, kafin a shafa fatiha na gama yi wa kujerun gidan kuɗi a zuciyata.

A wani lungu bayan masu sayar da zare akwai wani tsoho Bamisire mai gyaran keken ɗinki. Ammu nake ce masa, wato baffa, shi kuma ya ce mini ya ibni, ɗana. Shagon nasa idan mutum biyu suka zauna, na uku sai dai ya tsaya a ƙofa. Amma a nan nake ajiye kwalayena, a nan nake sallar azahar, a nan nake fakewa idan baƙina sun ishe ni da "a rage mana". Bai taɓa neman komai a hannuna ba. Da matata ta haihu, shi ya rufe shago da rana tsaka ya hau ƙaramar bas ta haya har unguwarmu, Madinat Nasr, da ledar lemo.

A bango, saman teburin aikinsa, akwai wata wuƙa rataye cikin kube, irin wadda ake ɗaura wa bakin bindiga. Labarinta na ji shi ya fi a ƙirga. Yana saurayi ya yi wa wasu sojojin sulhu 'yan ƙasar Finland aikin tuƙi a hamadar Sina. Ɗaya daga cikinsu zazzaɓi ya kayar da shi a hanya, Ammu ya yi jinyarsa har ya miƙe. Da zai koma gida sai ya ba shi wuƙar, ya ce ta bindigar mahaifinsa ce, da ita ya je yaƙi cikin ƙanƙara. Duk lokacin da Ammu ya ɗauko zancen, ni dai "Allah sarki" nake cewa, idona na kan waya.

Wata rana kasuwa ta yi sanyi, ba baƙo ko ɗaya, zaman banza ya sa na ɗauki hoton wuƙar na shiga bincike. Ashe akwai wata duniya da ban sani ba. Tsofaffin bindigogin sojan Finland, waɗanda aka kwashe daga rumbun soja aka sayar da su da araha, yanzu masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka rububinsu suke yi. Na ga manyan mutane suna musu a kan hatimin masana'anta, da shekarar ƙira, da ko an taɓa goge katakon. Wadda aka gyara ta yi ƙyalli darajarta faɗuwa take yi, mai tabo da tsohon maiƙo ita ce mai tsada. Na ce to, Bature ma da nasa haukan. Sai na zo kan inda suke cewa wuƙar wani samfuri ta fi bindigar wuyar samu, har wani lokaci kuɗinta kan kusa kamo na bindigar. Na ɗaga kai na dubi bango. Hatimin da ke gindin wuƙar Ammu shi ne dai na cikin hoton.

Akwai wata al'ada ta Misirawa da duk wanda ya yi wata guda a ƙasar ya sani. Idan ka yaba abin mutum, agogo ne ko riga, sai ya ce itfaddal, wato ɗauka. Ba nufinsa ka ɗauka ba, ladabi ne kawai. Kai kuma sai ka dafa ƙirji ka ce ai a wurin mai shi ya fi kyau, shi ke nan kowa ya fita kunya. Ni da kaina nake koya wa sababbin zuwa wannan, ina yi musu dariya idan suka miƙa hannu.

Kwana uku ina juya abin a raina. A na huɗu, bayan mun idar da sallah, na tsaya gaban wuƙar na ce, "Ammu, wallahi wannan abu yana da kyau. Ban taɓa ganin irinsa ba."

Bai ko ɗago daga keken da yake kwancewa ba ya ce, "Itfaddal, ya ibni."

Na miƙa hannu na sauko da ita.

Ammu ya ɗago, sukudireba a hannu, ya dube ni ya dubi ƙusar da ta rage a bango. Ni kuwa na riga na shirya abin faɗa. Na ce, "Ka san mu a ƙasarmu ba a mayar da hannun kyauta baya, balle ta babba. Rashin tarbiyya ne." Maganar gaskiya ce, amma na yi ƙarya da ita. Na ɗauko al'adar iyayena na mai da ita buhun sata.

Ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ce, "Tamam. Mabruk alek," wato shi ke nan, Allah ya sa albarka. Har jarida ya nemo ya naɗe mini ita, don kada a tare ni a tashar metro, jirgin ƙasan cikin gari.

Ba ta yi mako a gidana ba. Wani dillalin tsofaffin kaya a Giza, wanda ke hulɗa da Turawa, ya juya ta, ya duba hatimin da madubi, ya yi ta kushe ta kamar yadda ni ma nake kushe kayan mutane. Na gane wasan, na yi kamar zan tafi, ya kira ni. Abin da ya ba ni ya ɗauke mini hayar gida ta 'yan watanni, har na sai wa matata injin wanki. Ta tambaye ni daga ina, na ce wani Alhaji ne ya yi mini alheri. Ta ce Allah ya saka masa, na ce amin.

Da Ammu ya yi fushi da na samu sauƙi. Bai yi ba. Ƙusar tana nan, bai cire ba, bai rataya komai ba. Bayan kamar wata guda ya miƙo mini 'yar kwalbar man keke da tsumma don wuƙar, ya ce, "Sau ɗaya a wata, ya ibni, kaɗan kawai. Kada ka goge ta da yashi." Na karɓa da hannu biyu na ce insha Allah. Daga baya kuma ya ce jikarsa za ta zo daga garin Isma'iliyya, in kawo wuƙar ranar Alhamis ta gani. Ya yi sauri ya ƙara da cewa, "Gani kawai. Taka ce."

Ranar Alhamis ban je ba. Na koma ajiye kwalayena a wani shago da ake biya, na riƙa zagayawa da baƙina ta wata hanya mai nisa, suna mitar tafiya ina ce musu gajerar hanyar an toshe. Na koma wurin dillalin Giza in fanso ta, ya yi dariya ya ce ai wuƙa ta daɗe da tsallake teku, wani mai yawon buɗe ido ya saya. Wani mai sayar da zare na lungun ya gan ni wata rana ya ce, "Tsoho yana tambayarka. Yana tsoron ko an kama ka ne a kan takardun zama." Wannan maganar ita ta hana ni sukuni. Ni ina ɓuya saboda na cuce shi, shi kuma yana can yana fargabar kada wani abu ya same ni.

Na je shagon da safe, da ambulan ɗin kuɗi a aljihu. Ban zauna ba. Na tsaya a ƙofa na faɗa masa duka: hoton da na ɗauka, da bindigogin da na gani a waya, da cewa na san itfaddal sarai tun kafin in miƙa hannu, da yadda na sayar da wuƙar. Na ajiye ambulan ɗin a kan tebur.

Bai taɓa shi ba, bai kuma tambayi nawa aka saya ba, ni kuwa wannan kaɗai ce tambayar da nake da amsarta. Ya daɗe yana goge hannunsa. Sannan ya ce, "Ma'alish, ba komai. Wanda ya saya, ka gaya masa ta wane ce?"

Na ce na gaya wa dillalin ta sojan Finland ce.

"A'a, sunansa. Ka faɗi sunansa?"

Sau nawa ya faɗi sunan sojan nan a gabana, ban riƙe ko harafin farko ba. Ya gane. Ya yago gefen wata takardar rasit, ya rubuta sunan da haruffan Larabci, a hankali, ya karanta mini sau biyu don kada in yi kuskure. Ya ce in aika wa wanda ya saya, ko ba komai ya san abin da ke hannunsa.

Na karɓi takardar na ce to. Ban iya gaya masa cewa ban san ko a wace ƙasa mutumin yake ba.