Jifan Ƙarshe na Salmanu Dogo

Da na fara aiki da Salmanu Dogo a wani asibiti da ke unguwar Shumaisi a Riyad, aka ce mini ya taɓa buga wa Najeriya wasa a ƙasashen waje. Na ce wace lamba yake sawa? Aka ce ai kurket ne. Na yi dariya har da riƙe ciki, don ni ɗan Gusau ban san muna da ƙungiyar ba ma.

Ashe mutumin ba na wasa ba ne. A sakandare a Zariya wani malami ya ga tsayinsa ya danƙa masa ƙwallon fata mai tauri kamar dutse. Aikinsa ya sheƙo a guje ya wurgo ta, mai riƙe da sanda yana kare turaku uku da ke bayansa, don in ta doki turke an fitar da shi. Makaminsa shi ne ya doka ta a ƙasa ta taso wa mutum ƙirji. Dole ka kare da hannu, ko ka kauce ka yi kuskure. Da wannan jifa ya zaga ƙasashen Afirka, ya fasa yatsu ba adadi. Amma kofi bai taɓa ɗagawa ba, kullum a bakin gaɓa ake tsayawa. Abin yana cinsa, kuma ba ya ɓoyewa.

Da bayansa ya fara ciwo sai ya koma karatu, ya zama mai gashin ƙashi na asibiti, aiki ya kawo shi Riyad. Ni dai na sha tsokanarsa cewa ya gama karya mutane ya dawo ɗori.

A unguwar Nasim akwai wani fili mai dandamalin siminti inda 'yan Pakistan da Indiya ke wasa da safiyar Juma'a. Ranar da ya je roƙon a saka shi, kallon tausayi suka yi masa. Jifa ɗaya ya yi, turke ya tashi sama, kyaftin ɗinsu ya rungume shi yana "Mashallah, ya doktor!"

Bana ƙungiyarsu ta kai wasan ƙarshe. Matarsa Sailuba ta riga ta yanke hukunci, likita ma ya goyi bayanta: daga wannan ya ajiye wasa. Ya ce mini, "Lukman, ka zo ka ga na ɗaga kofi ko na gwangwani ne."

Na je. Wasa ya yi zafi, saura mutum ɗaya su fitar su ci, su kuwa abokan hamayya bugu ɗaya mai kyau suke nema. Sai ga na ƙarshensu ya fito, wani direba mai suna Gulzar. Na gane shi. Haɗarin mota ya ragargaza masa wuyan hannu, Salmanu ya yi wata da watanni yana murza hannun nan har ya iya riƙe sitiyari. Kafilinsa, wato uban gidan da ya kawo shi, ya ce in bai koma tuƙi ba, ba sabunta iƙama, takardar zama, sai gida.

Kowa ya san abin yi. Kyaftin yana nuna ƙirjinsa yana ihu, "Yalla, doktor, sama!" Salmanu ya goga ƙwallon a wandonsa, ya daɗe yana gogawa. Ya sheƙo da dukkan ƙarfinsa, amma ya aika ta ƙasa-ƙasa, nesa da jikin mutumin. Gulzar ya rufe ido ya kai duka, ƙwallo ta wuce iyakar fili, abokan hamayya suka ci. Shi ke nan.

Ni da Salmanu muka shiga mota. Muka kama hanya har muka kusa masallaci. Na ce, "Yaya, da ka yi ta sama fa?"

Ya ce, "Da mun ci. Hannun zai ɗaga ya kare, kuma na san daidai inda zai sake tsagewa." Ya share ido da bayan hannu. "Wallahi ina son kofin nan, Lukman."

Na san yana so. Shi ya sa tun ranar ban ƙara tsokanarsa ba, kuma duk Riyad ba wanda nake gani da girma kamarsa.