Tafiyata Tsibirin Kassa Neman Yayana Isaka

Kumasi zuwa Takoradi

Ban jira gari ya waye ba na bar Zango. Na yi asuba a masallacin unguwa, na durƙusa gaban Mma, mahaifiyarmu, ta sa mini albarka, na ɗauki akwatina zuwa tashar jirgin ƙasa. Can na tarar da Malam Seidu, wani Bawangare da bai fi sati da sauka garinmu ba. Shi ya kawo labarin cewa yayana Isaka, wanda ya ɓace mana tun bayan yaƙin duniya, yana nan da ransa a wani tsibiri gaban Konakiri, yana aikin haƙar jar ƙasa.

Tun ranar ban yarda da shi ba. A kasuwar Kejetia kowa ya san masu yaudarar samari su kai su aikin ƙarfi a ƙasashen da Faransa ke mulki. A jirgi na tambaye shi kamannin Isaka, ya faɗa daidai. Na ce me ya hana Isakan zuwa da kansa? Sai ya leƙa taga ya ce, "Malam Haruna, ka ga yadda gonakin koko suka yi kyau bana?"

Takoradi zuwa Konakiri

A Takoradi muka sauka gidan wani mai goro ɗan Zango, muka ci dokunu, wato tuwon jiƙaƙƙiyar masara, da soyayyen kifi. Da jirgin ruwa ya zo aka duba takardun allurarmu, aka kora mu saman dandamalin jirgin tare da kwandunan goro da awaki. Mun tsaya Monrobiya, mun tsaya Saliyo. Amai ya galabaitar da ni, Seidu ne ke jiƙa mini gari da sukari. Ina sha ina tunanin mai kiwon rago ma haka yake yi masa kafin Layya. Akwatina kuwa ban taɓa ɗaga ƙafata daga kansa ba.

A Konakiri ɗan sanda ya juya takarduna yana Faransanci. Seidu ya amsa masa, suka yi dariya, aka buga hatimi. Na ce me suka ce? Ya ce, "Ba komai." Wannan ba komai ɗin ya tsaya mini a rai.

Kan ruwa

Daga bakin gaɓar masunta ana hango tsibiran. Mai kwalekwalenmu tsoho ne, yana jin ɗan Turanci, ya ce a ƙuruciyarsa Ingilishi ke riƙe da wurin kafin su miƙa wa Faransa. Ya nuna mini da haɓa: ga Kassa mai tsawo a kusa, ga Tamara a bayanta, inda akwai kurkukun da ake jefa waɗanda suka yi wa Nasara taurin kai, ga ƙaramin Rum a tsakiya kamar an ajiye shi cikin kwano. Ya ce tun da can nan ake tara bayi kafin a loda su. Na dubi Seidu, na dubi ruwa. Ban iya iyo ba.

Kassa

Komai na wurin ja ne, hanya da ganye da rigunan lebura. Manyan jirage na cika ciki da ƙasar da ake narkawa a yi tukwanen gorar ruwa. Seidu bai nufi barikin lebura ba. Ya bi da ni ta ƙarƙashin bishiyoyin kwakwar manja har bayan wani ɗan masallaci, ya tsaya gaban wani kabari da ciyawa ta riga ta rufe.

Na zauna a ƙasa. Na ce a tambayar mini limamin masallacin yaushe aka binne Isaka. Liman ya ce tun kafin damina. Wato Seidu ya baro tsibirin yana sane.

"Ƙarya ka yi wa tsohuwa," na ce.

"Na yi," in ji shi. "Da na ce ya rasu, da kun yi sadaka a Zango kun zauna. Wa zai zo ya ɗauki wannan?"

Wata tsohuwa Basusa, 'yar ƙabilar wurin, ta fito riƙe da hannun yarinya da ba ta fi shekara huɗu ba. Sunanta Asana, 'yar Isaka ce, in ji Seidu. Uwarta ta rasu wajen haihuwa, tari kuma ya ɗauke uban. Seidu ya ce ɗaki ɗaya suka zauna da Isaka, kuma Isakan ne ya roƙe shi a kai ta wurin Mma.

Na ƙura mata ido ina neman yayana a fuskarta, ban same shi ba. Mutumin da ya yi ƙarya ɗaya, me zai hana shi ta biyu? Duk da haka na goya ta zuwa kwalekwale. Seidu ya tsaya a bakin ruwa, bai biyo mu ba.

Komawa gida

Hanyar da muka bi ita muka maimaita. Asana ba ta jin Hausa, ni ba na jin Susanci, ayaba ce ta yi mana tafinta. Muka iso Kumasi bayan la'asar.

Na faɗa wa Mma komai, har da shakkata. Ta yi kukanta, ta share ido, ta jawo yarinyar kan cinyarta.

"Mma, in kuma ba jininmu ba ce fa?"

"Ɗana ya ce a kawo mini ita, an kawo. Je ka ɗebo ruwa in yi mata wanka."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Malam Seidu kuma, duk inda yake, na yafe masa, na gode.