Tsohon Duba-gari da Bokitin Bakteriya

Akwai safiyar da ba ta fita raina ba, daga watannin da na yi ina koyon aiki a gonar Alhaji Sabo kusa da Toranke, ina ajin ƙarshe a kwalejin noma. Alhaji tsohon duba-gari ne. Da ya yi ritaya sai ya gina tankuna biyu ya zuba jatan lande, ƙananan halittun ruwa masu ɓawo da otal-otal ke saye. Kafin in zo, cuta ta gama da tanki ɗaya: ɓawonsu ya yi baƙin tabo, suka daina ci, suka mutu. Saura ɗaya.

Na karanta cewa akwai bakteriya masu amfani, suna cinye dattin ruwa su hana masu cuta wurin zama. Kwana uku ina juya maganar kafin in iya faɗa wa Alhaji.

"In sayo ƙwayoyin cuta da hannuna?" in ji shi. "Yaro, ni da na ci mahauci tara saboda ƙuda uku?"

Da ƙyar ya yarda. Ana haɗa garin bakteriyar da dusar shinkafa da sukari a bokitin ruwa, a rufe kwana biyu. In ya yi kumfa da tsami, sun rayu, sai a zuba a tanki. Sau uku ina haɗawa, ba kumfa. Na sake awo, na canza dusa, na rubuta komai. Matattun jatan lande kuwa suka fara tasowa saman ruwa a tankin da ya rage.

Ran nan na yi sammako, sai na tarar da Alhaji tsugune gaban bokitin, yana ɗiga kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, daga wata kwalba.

"Baba, me ake zubawa?"

"Ɗan kaɗan ne. Na banzan ciki su mutu, na kirkin su rage."

Na ce, "Baba, ai kulorin ba ya tambayar hali."

Ya daɗe yana kallon kwalbar, sannan ya miƙo mini. "Ɓoye ta inda ban sani ba. Hannun nan ba ya shawara da ni."

Sabon haɗin da na yi ya yi kumfa har ya ɗaga murfi. Na zuba a tanki, Alhaji na can nesa da hankici a hanci. A hankali mutuwar ta tsaya.

Ga masu zuwa bayana: in haɗi ya ƙi tashi, kada ku tsaya ga littafi kawai. Ku tambayi mai gona aikin da yake yi a da.